FASHIN BAƘI: Daga "Yaya" zuwa ango: abin da masu karatun littattafan soyayya ke nema a labarin shaƙuwa

A shekarar 1933 Rupert East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta farko cikin rubutun boko. Daga cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar, ɗaya na wani ɗan Gwarzo ne: Malam Muhammadu Gwarzo, wanda ya rubuta Idon Matambayi, labarin ɓarayi da dabarunsu. A cikin biyar ɗin, Jiki Magayi na John Tafida da East ne kaɗai ya ɗora labarinsa a kan soyayya, ita ma ba ta yi kyakkyawan ƙarshe ba, domin attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, sauran littafin kuwa ramuwar gayya ce.

Shekaru casa'in bayan haka, al'amarin ya juye. Duk wanda ya san ɗakunan mata a ƙasar Kano ya san cewa labarin soyayya ne ya mamaye karatun nishaɗi, kuma mata ne akasarin masu rubutawa da masu karantawa. Ba a cikin birni kaɗai ba. Hanyar da ta taso daga Kabuga ta wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero da Rimin Gado ta nufi Gwarzo, ita ce hanyar da littattafan suka riƙa bi a cikin jakar 'yan makarantar kwana da kayan amare, har su isa Kara da Getso da Kutama, ko Garo da Gude a ƙasar Kabo. A yau ba sa buƙatar mota. Suna isa ta waya, babi bayan babi, a zaurukan WhatsApp, ko kuma cikin muryar mai karantawa da aka naɗa aka zuba a katin waya.

A cikin wannan tulin labarai akwai wani zubi da ke yawan dawowa, wanda masu karatu ba sa gajiya da shi. Yarinya da saurayi sun san juna tun ba a kawo maganar so ba. Yana taimaka mata da aikin makaranta, tana kai masa ƙarar wanda ya ɓata mata rai, har yakan ba ta shawara a kan samarin da ke zuwa wurinta zance. Sai ranar da aka sa mata rana da wani, ko shi ya kawo hoton wadda zai aura, kowannensu ya rasa abin da ke damunsa. Turawa sun ware wa irin wannan labari suna na musamman, wato abokan da suka rikiɗe masoya. A Hausa ba shi da suna, kuma rashin sunan nan shi ne wuri na farko da ya kamata a tsaya a duba.

Abotar da harshe bai tanadar wa kalma ba

A Hausar yau da kullum, aboki na namiji ne, ƙawa ta mace ce. Namiji yana da abokai, mace tana da ƙawaye. Idan budurwa ta ce wane abokinta ne, ko saurayi ya ce wance ƙawarsa ce, mai sauraro zai ɗaga gira, domin kunnen Bahaushe ya saba jin wata ma'ana ta daban a ƙarƙashin maganar. Akwai abokiyar zama, amma wannan kishiya ce. Akwai abokin wasa, amma wannan dangantaka ce da aka gada, kamar ta taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, ko ta Barebari da Fulani. Abotar zaɓin kai tsakanin baligi da baliga, wadda ba ta nufi aure ba, ba ta da mazauni a tsarin da aka gada. Addini ya hana keɓancewa, al'ada ta sa kunya a tsakani, hukuma kuma ta raba akasarin makarantun sakandarenta gida biyu, na maza daban, na mata daban.

To, ta yaya marubuciya za ta rubuta labarin abokan da suka zama masoya a cikin al'ummar da ba ta yarda akwai irin wannan abota ba? Sai ta sa wa abotar rigar da jama'a suka sani. Rigar da aka fi amfani da ita ita ce "Yaya". Jarumin ɗan baffanta ne ko ɗan gwaggonta da ya tashi a gidansu, ko abokin wanta da ke shiga gidan ba tare da an tambaye shi dalili ba, ko maƙwabcin da mahaifiyarsa ta yaye ta. Tana kiransa Yaya, yana kiranta ƙanwata, kowa ya shaida. Da wannan kalma guda marubuciya ta sami lasisin haɗa su a tsakar gida ɗaya na tsawon babi ashirin ba tare da wani ya ce an keta haddi ba. Wasu kan yi amfani da malamin Islamiyya ko ɗan aji a jami'a. Wasu kuma kan juya tsarin baki ɗaya: a fara da auren haɗi da babu wanda ke so a cikinsu, su yi yarjejeniyar zama kamar wa da ƙanwa har a sami hanyar rabuwa, shaƙuwa ta shiga, so ya biyo baya. Abota ce dai, sai dai an ɗaura mata aure tun kafin ta fara, don kada a ga laifinta.

Wannan dabara ba ƙarya ta shirya ba. Auren zumunci abu ne sananne a ƙasar Hausa, a karkara da birni, kuma 'yan mata da yawa a garuruwa irin Kara mazan da suka sani sani na haƙiƙa, waɗanda suka ga fushinsu da rowarsu da kirkinsu, ba su wuce na cikin dangi da maƙwabta ba. Abin da littafin ya ƙara a kai shi ne abu guda: a cikinsa yarinyar ce ke gano cewa tana so, ba a ɗakin baffanni ake yanke mata ba.

Tushen abin

Ba yau aka fara wannan gardama a takarda ba. Hafsat Abdulwaheed ta shiga gasar kamfanin NNPC na Zariya da So Aljannar Duniya, aka buga shi a 1980, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta nace sai wanda take so ko da ba jininsu ba ne. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Cikin shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, a daidai lokacin da yaran da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya tura makaranta suka tasa, sun iya karatun boko, ba su kuma da abin karantawa da harshensu. Sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'o'in Kano. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka, wanda ya karaɗe ƙasar Hausa har aka mai da shi fim. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa da wasu da dama, inda jarumanta mata kan yi karatu mai zurfi, su riƙe addini, su kuma mallaki zuciyar miji.

Masana ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙasidun kasuwar Onica, yana ganin ba zai yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga muhawarar a shafukan jaridu irin su New Nigerian, aka daɗe ana kai ruwa rana. Sunan ya zauna, amma hasashen mutuwar bai tabbata ba. Takardar ce ta ja baya, labarin bai ja ba.

Wadda ta fi kowa nuna abin da ke cikin wannan adabi na nauyi ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar kimanin shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma ta nemi ilimi ta hanyar karatun manya. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu yarinya ce 'yar ƙauye da mahaifinta ya hana karatu, ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya ce ba zai auri jahila ba, aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A lura da wannan: ɗan uwan da aka taso tare da shi, wanda a wani littafin shi ne zai zama masoyi, a nan shi ne ya fara yi mata tabo. Balaraba ba ta yarda sanin juna kaɗai ya isa ba, matuƙar an bar ɗaya a baya. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga a 2012.

Jarumar da mai karatu ke gani kamar ita

Idan masu karatu suna yabon littafi, abin da suka fi ambata ba salon marubuciya ba ne, jarumar ce. Kuma jarumar labarin shaƙuwa tana da wata siffa da ta bambanta ta da ta labarin gani-na-so. Wanda ya hango budurwa a gidan biki ya kamu, kyanta ya gani da kwalliyarta. Dole marubuciya ta zauna ta zayyana dogon hanci da gashi har gadon baya. Amma Yaya ya ga yarinyar nan da kamu a gaban murhu, ya gan ta ranar da ta faɗi jarrabawa, ya san tana da tsiwa, ya san tana tsoron kare. Bai so ta don bai san aibinta ba. Ya sani, ya kuma so. Ga budurwar da aka tarbiyyantar a kan cewa idan saurayi ya zo zance sai ta yi wanka, ta sunkuyar da kai, ta auna kowace kalma, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne.

Zance kansa, in aka dube shi da idon basira, wasan kwaikwayo ne na mutum biyu. Saurayi ya ari mota ko babur, ya fesa turare, ya zo da alkawura. Budurwa ta fito da fuskar da aka shirya. Su yi awa ɗaya a zaure ko ƙofar gida, ƙanne suna leƙe. Bayan 'yan watanni manya su shiga, a kai kuɗin gaisuwa, a yanka sadaki, a sa rana, hankali ya koma kan lefe da kayan ɗaki. Binciken da iyaye ke yi a kan asali ne da sana'a da mutuncin gida, kuma yana da amfaninsa. Amma ba ya gaya wa yarinya yadda mutumin yake idan ransa ya ɓaci, ko idan aljihunsa ya bushe. Wannan sai an shiga ɗaki. Labarin shaƙuwa yana ba jarumarsa abin da zance ba ya bayarwa, wato lokaci, da damar ganin mutum a ranar da bai shirya a gan shi ba.

Kuma babu mai musun cewa akwai matsala a gidajen aure a Kano. A farkon 2009 ƙungiyar zawarawa ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin nuna damuwa kan yawan saki, Hukumar Hisbah ta hana. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa da kuɗin hukuma a 2012, gwamnatocin da suka biyo baya suka ci gaba, har ta Abba Kabir Yusuf ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023. Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi ta fafutukar a kafa dokar iyali tun 2017. A 2024 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini saboda cutar sikila. Duk waɗannan matakai suna magana ne a kan kuɗi da lafiya da hukunci. Babu wanda ya taɓo tambayar da littattafan suka shekara arba'in suna yi: shin mutanen nan biyu sun san juna? Hukuma ta yarda a binciki jinin ango, marubuta kuma suna cewa a bar amarya ta binciki halinsa.

A nan ne masu cewa littattafan soyayya sun yi hannun riga da addini ke yin tuya su manta da albasa. Akasarin marubutan da hujjar addini suke kare jarumarsu. Malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, wanda ake kira ijbari, amma marubutan kan jawo hadisan da suka yi umarni a nemi izinin mace, da ƙissar Khansa'u 'yar Khizam wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Jarumar labarin shaƙuwa ba ta tsallake katanga. Yawanci tana kuka a kan sallaya, tana istihara, tana kai kukanta wurin kaka ko gwaggo. Tawayenta a cikin gida yake, da harshen gida.

Ba Bahaushe kaɗai ba

Masu suka sun daɗe suna cewa daga finafinan Indiya aka kwaso komai. Akwai ƙamshin gaskiya. Tun kafin a san bidiyo gidajen silima na Kano ke nuna finafinan Indiya, kuma masanin ɗan Adam Brian Larkin ya yi rubutu a 1997 kan yadda masoyan ƙasar Hausa suka ga rayuwarsu a cikinsu: iyaye masu iko, auren haɗi, kunya, da so da ke neman hanya ba tare da ya rushe gida ba. Fim ɗin Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar, wanda ya fito a 1998, labarin Rahul da Anjali ne, abokan kwaleji da ba su gane so ne ba sai da shekaru suka wuce. Sai dai aro ba ya kama ƙasa idan bai tarar da taki ba. Tun 1815 Jane Austen ta rubuta Emma a Ingila, inda jarumar ta ƙare da auren tsohon aminin gidansu wanda ya girme ta, mai yi mata faɗa idan ta yi kuskure. Da a Kano aka rubuta shi, Yaya za ta riƙa kiransa.

Akwai ma binciken da ya nuna cewa abin ya wuce tatsuniya. A 2021 Danu Stinson ta Jami'ar Victoria a Kanada da abokan aikinta suka wallafa nazarin da ya tattara amsoshin mutum kusan 1,900, ɗaliban jami'a da manya, inda kimanin kashi 68 cikin 100 suka ce soyayyarsu ta yanzu ko ta baya-bayan nan daga abota ta faro. Mutanen Kanada da Amurka aka tambaya, don haka ba za a ɗauko adadin a ɗora wa Gwarzo ko Kabo ba, inda hanyoyin haɗuwar maza da mata suka sha bamban. Abin da ya nuna kawai shi ne, inda aka bar mutane su san juna kafin su zaɓa, da yawansu wanda suka sani suke zaɓa.

Hukuma da ashana

Gwamnatin Kano ba ta taɓa kallon waɗannan littattafai a matsayin abin wasa ba, ko da masana sun raina su. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, jim kaɗan bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kafa shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu, wanda a 2007 ya jagoranci ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, bisa hujjar cewa suna lalata tarbiyya. A shekarar ce aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, kuma a 2008 aka yi ta takaddama tsakaninsa da marubuta kan sharaɗin sai kowane marubuci ya yi rajista, an kuma duba littafinsa kafin ya shiga kasuwa. (Abin dariya, yau idan aka ce A Daidaita Sahu, babur mai ƙafa uku yaro zai nuna, ba shirin ba. Baburan ma don raba mata da maza a sufuri aka kawo su. Yanzu kowa cusuwa yake.)

Abin da ya kamata matashi mai bin siyasa ya lura da shi a nan shi ne wanda aka hukunta. Ba a ƙona littattafan attajirai ba, na 'yan makaranta aka ƙona. Yarinyar da ke makarantar kwana a ƙauye, wadda ɗakin karatun makarantarta ko babu shi ko babu komai a cikinsa, an karɓe abu guda da take karantawa don ra'ayin kanta. Malamai da yawa sun san cewa da waɗannan littattafai ɗimbin mata suka gyara karatunsu na Hausa, har da waɗanda aka cire daga aji tun suna firamare. Jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 tana da dalilin tambayar kanta ko yaƙi da abin da yara ke karantawa ya fi samar musu abin karantawa sauƙi ne kawai, shi ya sa aka fi yin sa.

Inda littattafan ke da laifi

Wannan ba ya nufin a wanke su tas. Zubin Yaya da ƙanwa yana da ɓaraka a cikinsa, kuma ba kasafai marubuta ke dubanta ba. Abota tsakanin tsara take. Amma Yayan littafi sau da yawa ya girmi yarinyar da shekara goma ko fiye, shi ke biyan kuɗin makarantarta, shi ke da ikon hana ta fita, wani lokaci har da mari, marubuciya kuma ta kira wannan kishi ko kulawa. Idan jarumar tana aji uku na ƙaramar sakandare, jarumin kuma ya dawo daga karatu a ƙasar waje, abin da ke tsakaninsu ba shaƙuwar abokai ba ce, reno ne da ya rikiɗe, kuma ya fi kusa da auren da Balaraba ta yi yaƙi da shi fiye da yadda masu rubutawa ke zato. Jihar Kano ta sami dokar kare haƙƙin yara a 2023. Adabin da ke ƙawata irin wannan dangantaka bai kamo ta ba tukuna.

Sai kuma miskilin namiji, wanda ya zama kamar farilla: ba ya dariya, ba ya magana, yana wulaƙanta ta babi talatin, daga ƙarshe a ce ashe so ne ya hana shi sakewa. Budurwar da ta karanta irin wannan sau hamsin tana iya shiga gidan mai wulaƙanci tana jiran babin da zai sauya. A littafi yana zuwa.

Maganar kama da mai karatu ma tana da iyaka. Jarumar kan fara a gidan ƙasa, tana talla ko wanke-wanke, amma da wuya littafin ya ƙare ba a kai ta Nasarawa GRA ko Maitama ba, da hutun amarci a Dubai. Yarinyar Kara da ke taya iyayenta cirar gyaɗa da kaka za ta ga kanta a babi na ɗaya. A babi na ƙarshe sai dai ta ga mafarkinta. Kaɗan ne ke da ƙarfin halin barin masoyan a inda suka same su, malamin firamare da mai ɗinki, su kuma sa mai karatu ta gamsu cewa an yi dace. Waɗanda suka iya hakan, irin hanyar da Rahma Abdulmajid ta bi a Mace Mutum wajen zama da matan karkara da wahalarsu ta haihuwa, su ne ke nuna cewa matsalar ba ta zubin ba ce, ta ragwancin alƙalami ce. A kan batsa kuwa, wadda ta yawaita tun da rubutu ya koma waya, marubutan kansu sun rabu, kuma da yawa daga tsofaffin hannu sun fi hukuma zafi a kanta.

Daga Kurmi zuwa waya

A da, littafi kan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, a kan takarda mai araha. Dillalai a kasuwar Kurmi da Sabon Gari su saya su rarraba, masu shagon haya su ba da shi kwana ɗaya ko biyu, kwafi guda ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafan a iska, wanda ya kai su ga matan da ba su yi boko ba. Mai ɗaukar hoto Glenna Gordon ta tattara hotunan wannan duniya ta marubuta mata na Kano a littafin da ta fitar a 2016, shekarar da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata.

Tsadar takarda da yaɗuwar waya sun rushe wancan tsari. Yanzu marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, idan labari ya kama, ta ce sauran sai an biya a shiga zaure na musamman. Ba ta buƙatar maɗaba'a, ba ta buƙatar dillali, ba ta kuma bi ta gaban hukumar tacewa, wadda ikonta bai wuce iyakar jihar ba alhali marubuciyar tana iya kasancewa a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda. Masu karatu suna mayar da martani a daren da babi ya fita, suna roƙon kada a aurar da jarumar ga wancan, suna zagin kishiya kamar maƙwabciyarsu ce, kuma marubuta kan karkata labarin saboda su. Mai yiwuwa wannan na cikin dalilan da zubin shaƙuwa ya ƙara ƙarfi: labari ne da ake iya ja, kowa ya san inda za a, daɗin yana cikin jinkirin.

Sai dai 'yancin ya zo da asararsa. Babu edita, don haka rubutun Hausa ya sha wuya: an daina bambance ƙ da k, ana haɗe kalmomi yadda aka ga dama, Ingilishi ya cika tsakiyar jimla. Kuma babu kariya. Babin da aka sayar wa mutum ɗari da dare, kafin gari ya waye an kwafe shi an watsa a zauruka hamsin kyauta. Wasu kan ɗauki littafin mutum sukutum su karanta a YouTube su ci kuɗin talla ba tare da izininsa ba. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka dogara da ita wajen sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen 2023. Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka a wannan shekarar, dokar kuma ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet. Amma marubuciyar da ke rubutu da babban yatsa a kan waya, tsakanin girki da renon yara, a garin da sai an kai waya shagon caji, ba ta da lauya, kuma ɓarawon nata sau da yawa yana cikin zauren da ita ta buɗe.